Haƙarƙarin Mazari

Tun gari bai gama wayewa ba Umma ta ji ana jan tukwane a kicin, ta kuma san ba ɓera ba ne. Ɓera yana da kunya, in ya ji motsin mutum yakan dakata. Wannan ɗanta ne, wanda kakarsa ta laƙaba wa Mazari tun yana rarrafe, don ko a goye yake sai ya yi ta mutsu-mutsu har zani ya kwance. Ya haura shekara talatin, yana da shagon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, amma har ranar ba wanda ya taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune.

Ta same shi a durƙushe, rabin jikinsa cikin kabad.

"Kai, don Allah mutane na barci."

"Ina kwana Umma. Ina murfin tukunyar nan mai fito?"

"Yana inda ka jefar da shi."

"To ina na jefar da shi?"

"Ni ce ma'ajinka? Ka yi aure mana, ka samu wadda za ka riƙa tasa da asuba kana tambaya."

"Wace 'yar mutane ce za ta yarda? Ke ma don ba yadda za ki yi da ni ne."

Murfin yana kan firji, a gaban idonsa. Ya ɗauka, ya jujjuya, ya ce ai ma ba ya bukatarsa, ya ajiye shi a wani sabon wurin da ba za a gani ba. Juma'a ce. Washegari Yayarsa za ta zo da mijinta da 'yarsu a ci abincin rana tare, shi kuwa ya ɗaukar wa kansa alkawari, ba wanda ya roƙe shi, cewa a wannan zaman Baba zai fito falo ya ci haƙarƙari tare da kowa.

Ga asalin maganar. Baba a gidan rediyo ya yi aikinsa, yana karanta labarai. Bakinsa ne jarinsa, ko bayan ya yi ritaya bai yarda kalma ta fito masa a karkace ba. Shi da Mazari ba sa doguwar hira. Tun da yaron ya bar jami'a a shekara ta biyu, ya ce shi ba zai iya zaman aji ba, hannunsa ƙaiƙayi yake yi, ya bi wani mai gyaran firji, maganarsu ta koma daga gaisuwa sai "an kawo wuta?" Abu ɗaya ya rage musu: dukansu mayun ƙashi ne. Duk ƙarshen wata Mazari zai sayo haƙarƙarin rago ya gasa a gawayi a bayan gida, su zauna gefe da gefe suna gwaguya, kowa da tsibin ƙasusuwansa a gabansa. Baba zai leƙa na ɗan ya ce ko kyanwa ta fi shi iya sakace ƙashi, ɗan ya ce ai gado ba ya zuwa duka rana ɗaya. Hirarsu ke nan, ta kuma ishe su.

Sai ciwon dasashi ya zo. Likita ya cire haƙoran da suka rage, ya sa masa na roba. In ya yi magana suna ɗan yin fito, in ya tauna suna ƙwas-ƙwas. Ya daure. Ran nan ana zaune, ga Yaya, ga mijinta, ga 'yarsu da Baba ke kira Uwar Surutu, Mazari ya kawo gashinsa kamar kullum. Baba ya kafa haƙori ya ja. Naman bai biyo ba, haƙoran sama ne suka bi naman. Yarinyar, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta tuntsire da dariya tana nunawa: "Kaka ya cire bakinsa!" Surukin ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a farantinsa. Baba ya rufe baki da tafin hannu, ya tashi, ya shige ɗaki. Tun daga ranar a tire ake kai masa abinci, ya tura ƙofa ya ci shi kaɗai. Wata da watanni ana haka.

Mazari ya ɗora wa gashinsa laifin, ya kuwa tasa haƙarƙari a gaba. Ya fara da tafasa naman kafin ya gasa, duk daɗin ya tsere cikin ruwa. Ya jiƙa shi a markaɗaɗɗiyar ɗanyar gwanda, ya manta da shi har ya kwana, ya tarar da abu kamar takardar da ruwa ya daka. Ya gwada ruwan abarba, Umma ta tambaye shi nama ne ko alewa. Ya gwada yogot da tafarnuwa. Ya sayo tukunya mai fito, ta ba shi laushi ba ƙamshi, kamar an dafa tsumma. Ya naɗe a takardar foyil ya sa a oben a kan 'yar ƙaramar wuta. Wannan kam da ya yi, sai dai haƙarƙari haƙuri yake so, shi kuwa kafin a ce me ya buɗe ya leƙa, ya rufe, ya sake buɗewa ya ƙara citta, har zafin ya gudu.

Umma a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ta yi aikinta, don haka abin yana ci mata rai.

"Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canza biyar ya yi daɗi, ta yaya za ka san wanda ya jawo?"

"Hannuna zai tuna."

"Hannun da ba ya tuna inda ya ajiye makulli?"

Kowane gwaji sai ya bi tire zuwa ɗakin Baba. Wani ya dawo an taɓa, wani ya dawo yadda ya tafi. Baba bai taɓa cewa a daina ba, bai kuma taɓa fitowa ba.

Abin da Mazari ya yi da hantsin wannan Juma'ar, daga bakin mahauci Umma ta ji shi daga baya. Mahaucin ya ce sai da Mazari ya sa shi ya sauke awaza uku daga ƙugiya, ya danna kowace da babban yatsa, ya shinshina, ya koma kan ta farko.

"Na ce masa, ranka ya daɗe nama kake saye ko aure kake nema? Ya ce aure ai ya fi sauƙi. Ya biya ya tafi, ya bar min hular kwanonsa, ya dawo ya ɗauka, ya bar naman."

Rana ta kusa tsaka ya bugo mata waya. "Umma ki zo shago ki ɗanɗana wani abu." Ta ce tana da wanki. Ya ce wanki ba ya hucewa. Ta yi tsaki, ta ɗauki mayafi.

Shagon yana wani siririn layi, tsakanin mai walda da mai faci. Firji-firji ne tsaye a ƙofa, wasu ba murfi, kamar marasa lafiya a layin ganin likita. A ciki ga tukwanen gas, ga bututun jan ƙarfe a nannaɗe a jikin ƙusa, ga fanka mara marfi tana kaɗa warin dalma. Abokin aikinsa, Dogo, yana zaune yana goge wani ƙarfe. Mutum ne mai sanyin jiki, in ya ce maka yana zuwa sai ka ci abinci ka ƙoshi kafin ya iso. Mutanen layin sukan ce da za a narka shi da Mazari a raba daidai, da an samu mutum biyu masu hankali.

A can ƙurya Mazari ya nuna mata abin da ya ƙera. Bokitin ƙarfe ne cike da ruwa, da hitar dumama ruwa a ciki, da wata 'yar na'urar daidaita zafi da ya ciro daga jikin wani mataccen inji. In ruwan ya ɗan wuce zafin da ya saita sai ta ce ƙat, hita ta mutu. In ya sauka ta sake cewa ƙat. A cikin ruwan akwai ledoji a ɗaure tam, kowace da haƙarƙari da haɗinta daban, ya naɗe bakinsu da salatif ɗin wayar lantarki: ja, shuɗi, rawaya, baƙi.

"Tunda ni ba ni da haƙuri, na ƙera wanda zai yi a madadina. Tun jiya wasu suke ciki, ban taɓa su ba."

"Ya taɓa," in ji Dogo, bai ko ɗago ba.

"Sau nawa?"

"Na gaji da gani, Umma."

Ta dubi wayoyin da ke reto a bakin bokitin. "Wannan abin ba zai kashe mutum ba?"

"Dogo ya tsoma hannu ɗazu, ga shi nan da ransa."

"Ban tsoma ba. Tura ni ya yi."

Ya kwance leda ɗaya, ya yago mata tsoka a bakin wuƙa. Ta tauna, ta ce laushi kam ya yi. Tana shirin ƙara magana ya riga ya juya yana amsa waya, da ɗaya hannun yana buɗe wata doguwar firiza fara da ke gurnani a gefen ƙofa. Ƙa'idar aikinsu ce, in an gyara firiza ba a mayar wa mai ita sai an bar ta ta yi aiki da kaya a ciki, a ga ko za ta riƙe sanyi. Sauran masu gyara robobin ruwa suke sawa. Mazari nama yake sawa. Ya ce da yamma duk ledojin a nan za su kwana, gobe ya ɗauko, ya narkar, ya ɗan nuna musu gawayi don ƙamshi, a jera wa Baba ya zaɓa. Daga baya Umma ta sha ƙoƙarin tuna kalar ledar da ta ɗanɗana, ta kasa.

Da la'asar ya shigo gida da yanka biyu a ƙaramin kwano. Ya ɗumama, ya jera a tire, ya ce yau shi zai kai. Umma ta tsaya a bakin kicin tana kallo. Ya ƙwanƙwasa.

"Baba, ga rahoto daga wakilinmu na kicin."

"Ajiye a nan."

"A'a, wannan sai an ji ta bakin mai sharhi."

Ƙofar ta buɗe faɗin tafin hannu, tire ya shiga, ta rufe. Mazari ya kai ƙarshen baranda ya dawo. Ya sake kaiwa ya dawo. Ya zaro sukurdireba daga aljihu ya hau kwance makunnin fitilar da lafiyarsa ƙalau. Can tire ya fito ta ƙasa, an ci rabi.

"Ya yi laushi," in ji Baba daga bayan ƙofa.

"Alhamdu lillahi!"

"Ban gama ba. Ya yi laushi irin na abincin jinjiri. Ni haƙora na rasa, ba girma ba."

"To akwai wasu kala uku, gobe idan ka fito..."

"Gobe ku ci abincinku. Ka gaida min baƙi."

Bayan magariba ta same shi a matakalar bayan gida, inda murhun gashin yake, yana kankare ragar ƙarfen da burushi. Ta zauna a matakala ta sama. Ta daɗe tana riƙe da maganar, ranar dai ta sake ta.

"Ka san ba naman ba ne, ko?"

"Na sani."

"To wahalar me kake sha?"

Ya ci gaba da kankara. "Umma, ni mai gyara ne. Abin da hannuna ya kai nake kwancewa. Baba ba ya kwantuwa. Naman ne kaɗai a gabana."

Bai jira amsarta ba, ya yi zumbur ya miƙe, wai ya manta bai sayi gawayi ba. Ta ji tashin babur ɗinsa, ta ji dawowarsa, ta ji ya jingine buhu a bango. Ya leƙo ya ce mata sai da safe, da burodi a bakinsa. Ranar ke nan, iyakar abin da ke cikinta ke nan.

Da safe aka kira shi, wai na'urar wani ofis tana zubar da ruwa. Ya ce mata aikin ɗan lokaci ne, daga can zai biya shago ya ɗauko naman, ta ɗora shinkafa. A hawa na uku ne, ta waje. Tsanin da ya hau ya goce. Tana feraye dankali Dogo ya yi sallama, a ƙafa, da gudu, shi da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Ba a kai ga asibiti da shi ba, a hanya ya cika. Yaya da mijinta suna hanya da lemo a bayan mota aka bugo musu.

Baba ya fito zaman makoki, don ba makawa. Ya zauna cikin mutane, baki a rufe, yana amsa gaisuwa da ka da hannu. In an kawo abinci sai ya tashi ya shige ciki. Da jama'a suka watse, gida ya koma mutum biyu, ƙofar nan ta ƙara rufuwa fiye da da. Tire ya shiga, tire ya fito, wani lokaci ko cokali ba a juya ba. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Umma kuwa sai zama ya gagare ta. Ita da aka sani da natsuwa, ta koma tana ɗaukar abu daga nan ta ajiye can, ta dawo ta mayar. Ta wanke labulen da ta wanke shekaranjiya. Ta zuba shayi, ta tarar da shi a kan taga ya yi sanyi. Yaya ta dube ta ran nan ta ce, "Umma, ko ke ya bar wa rashin zaman?" Suka yi dariya kaɗan, suka bari.

Kayansa suka fara rabawa, don hannu ya samu abin yi. Tufafin suka tafi ga 'yan uwa da masu bukata. Babur ɗin wani ɗan ƙanin Baba ya karɓa. Kayan aikin shago Umma ta ce na Dogo ne, ba sai an tsaya magana ba. Ɗakinsa na bakin ƙofa ne suka kasa gamawa, suka ja ƙofar suka kulle.

Ana nan, wata Alhamis da hantsi, Dogo ya yi sallama ɗauke da kula a kafaɗa. Ya sauke a tsakar falo, ya durƙusa, ya yi ta murza hularsa.

"Umma, naman nan ne."

Sai a lokacin ta tuna. Ko sau ɗaya abin bai faɗo mata ba.

"Yana nan tun ranar?"

"Yana nan. Ban bari ya narke ba. In an ɗauke wuta sai in tada janareta. Mai firizar ce ta ƙure ni, matar nan mai sayar da ƙanƙara. Na ce mata gas ne, na ce mata waya ce, na ce ana jiran wani ƙarfe daga nesa. Jiya ta zo da ƙaninta da amalanke, ta ce ko matacciya ce a ba ta abarta. Sai na buɗe na nuna mata."

"Me ta ce?"

"Ta zauna a kan benci ta yi kuka. Ta ce ni sakarai ne, da na faɗa tun farko. Ta ba ni zuwa Asabar."

Umma ta buɗe kular. Ledoji huɗu, sun daskare kamar duwatsu, salatif ɗin yana nan yadda ya naɗa, a karkace, da sauri. Ta tambayi Dogo ko ya san abin da ke cikin kowace. Ya ce shi dai ya ga ana zubawa ana ƙarawa, ko mai su bai tabbata ya sani ba.

Gidan sama na firjinsu ƙarami ne, leda biyu ma da ƙyar. Dole a yi wani abu da su cikin kwana biyu. Ta zaga falon, ta zaga kicin, ta ɗauki kular ta ajiye, ta sake ɗauka. Sannan ta je ta tsaya a ƙofar Baba. Ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Malam, Dogo ya kawo haƙarƙarin da yaron nan ya dafa. Ba inda zan ajiye. Zan ba maƙwabta."

Ta juya za ta tafi, ƙofar ta buɗe gaba ɗaya. Ta manta rabon da ta gan shi a tsaye cikin haske haka.

"Ki ba wa?"

"Maƙwabta. Suna da yara."

"Nawa ne. Ni ya dafa wa. Ki ɗumama ki kawo min."

A zamansu na aure ba ta saba gindaya masa sharaɗi ba, shi ma bai saba ji ba. Ta riƙe gefen ƙofar.

"Ba zan kawo nan ba. Bai dafa don tire ba. Kullum na kawo maka abinci ɗakin nan, zan ci gaba da kawowa har ranar da ɗayanmu ya tafi, ban da wannan. Asabar Yaya za su zo. In za ka ci, a falo. In ba za ka ci ba, ba zan ce komai ba, zan bayar."

"Ke ma sai kin tozarta ni?"

"Na binne ɗaya, Malam. Ina kallon ɗayan yana ƙarewa a bayan ƙofa. Ka zaɓa."

Ya dube ta, ya mayar da ƙofar a hankali. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar Juma'a haka ta wuni ba ta san matsayinta ba. Ta goge teburin cin abinci, ta jera kujeru, ta cire ɗaya, ta mayar, ta sake cirewa ta kai baranda.

Ranar Asabar surukin ne ya hura gawayin da ke jingine a bango, ya sha hayaƙi har idonsa ya yi ja. Umma ta narkar da ledojin, ta ɗan nuna wa kowane kashi wuta kamar yadda mai su ya ce, ta zuba a faranti huɗu, ta ɗora salatif ɗin kowanne a gefensa. Yaya ta ja Uwar Surutu gefe ta yi mata kashedi har sau nawa, yarinyar ta zauna ƙyam kamar an dasa ta. Aka zuba shinkafa. Ba wanda ya ɗauki cokali. Umma ta tashi ta ɗauko gishirin da ba a bukata, ta dawo, ta sake tashi.

Sai ga Baba, cikin riga mai guga, kamar mai shirin fita aiki. Ya amsa gaisuwar surukinsa, ya ja kujera, ya ce a ba shi ruwa a kofin gilashi. Aka ba shi. Ya sa yatsu biyu a baki ya zaro haƙoran sama, ya zaro na ƙasa, ya tsoma su a kofin, ya tura shi tsakiyar tebur. Fuskarsa ta lotsa, ya zama tsoho tukuf a gabansu. Muryar da ta fito ba ta rediyo ba ce, kalmomin duk sun rasa gefe. Ya yi maganar a haka.

"Uwar Surutu, ga su nan. Kalle su ki ƙoshi. In dariya ce ki yi ta yanzu, kafin abinci ya huce."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi kofin. Ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Kaka, suna cizo su kaɗai?"

"In aka taɓa min nama."

Ta janye farantinta can gefe. Yaya ta fashe da dariya, dariyar ta juye mata kuka, ta tashi ta shiga kicin. Da ta dawo da jan ido Baba ya riga ya fara.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Mai jan salatif ya ce gishiri ya kashe shi. Mai shuɗin ya narke tun kafin ya kai baki, ya ce wannan na masu jinya ne. Mai rawayan yana taɓawa ya yamutsa fuska.

"Abarba kuma? Wannan yaro bai daddara ba."

Ya ɗauki na baƙin. Naman yana manne da ƙashi, bai zube ba, amma da ya kama da leɓe ya ja sai ya biyo salin alin. Ya daɗe yana juya shi a baki. Ya tsotse ƙashin, ya juya ɗaya gefen ya tsotse, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Wannan me ya sa masa?"

Ba wanda ya sani. Umma ta ɗauki yanka ɗaya ta tauna a hankali, ido a rufe. Ta gane citta, ta gane tafarnuwa da barkono. Akwai wani abu a ƙarƙashinsu, mai ɗan ɗaci, da ta kasa kamawa. Ba ta san ko wuni ya yi a bokiti ba ko kwana. Suka raba abin da ya rage a farantin, kowa ya samu yanka biyu, Baba uku. Sauran kashi ukun ma ba a bar ko tsoka ba, har mai gishirin, da ruwa aka kora shi.

Daga ranar a falo Baba yake cin abinci. Wata rana da haƙoran, wata rana ba su. Ba ya yawan magana, amma yana zama har kowa ya gama. Yaya ta karɓi tukunya mai fito da murhun gashin, ta gwada haƙarƙari sau biyu a gidanta, ta bugo waya ta ce bai yi ba. Bokitin kuwa Dogo ya wargaza shi, don hitar ta mai shayin bakin layi ce, ya mayar masa. Firizar ta koma ga mai ƙanƙara.

Ɗakin bakin ƙofa ne ya zo ƙarshe, Baba ne kuma ya ce a buɗe. A ƙarƙashin gado da saman kabad suka tarar da kayan mutane: dutsen guga biyu, rediyo, injin markaɗe, tocila, fankar tebur, kowanne a buɗe, hanjinsa a waje, an fara gyara an tafi wani. Umma ta tattara ƙusoshin kowanne ta ƙulle a leda ta ɗaura masa a jiki. Suka zuba a kwali, ta riƙe gefe ɗaya, Baba ya riƙe ɗaya, suka bi layin gida gida. A kowace ƙofa shi yake yin sallama, shi yake yin bayani: na yaronmu ne, ya karɓa bai gama ba, a duba ko akwai na gidan nan, a kuma yafe masa. Wasu suka ce sun ma manta. Wata tsohuwa ta rungume injin markaɗenta ta ce ba za ta kai wa kowa ba, a haka za ta ajiye shi. Fankar ce kaɗai ba a samu mai ita ba. Suka dawo da ita gida, Dogo ya ce zai zo ya haɗa ta in ya samu sarari.